Amsoshin da Inna Ta Ba Na'ura

A shekarar da aka yanke layin waya a jiharmu, aka hana cin kasuwannin ƙauye, a cikinta muka bar gida. Ƙauyenmu yana bayan Kucheri, a ƙasar Tsafe. Ba sai na yi dogon bayani a kan abin da ya tashe mu ba, duk wanda ya zauna a Zamfara ya sani. Gero ya isa yanka muka bar shi tsaye a gona. Mun yi rani ɗaya a Tsafe, a zauren wani ɗan'uwan matata, daga nan muka wuce Gusau muka kama ɗakuna biyu a Tudun Wada, jikin wani injin niƙa. Mu shida ne: ni da matata da yara uku da mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Ni da na saba da garma sai na koma tura kurar ruwa.

Labarin babban yarona nake so in rubuta. Ba zan sa sunansa ba. Ɗan fari ne, kuma a wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya tsoma baki a maganarsa in akwai manya a wurin. Haka na taso na gani. In ina nemansa sai in ce wa ƙaninsa, "Kira mini wancan." Uwarsa ta fi ni kunyarsa. Tun da aka yaye shi aka miƙa shi ɗakin Inna, can yake ci, can yake kwana. Ita ta san tarinsa, ita ta san abin da ke ba shi tsoro.

Yaron ba ya zama wuri ɗaya. In an aike shi sayen gishiri sai ya dawo da kunkuru a hannu, ya manta da gishirin, wani lokaci har da kwanon. Kana masa magana yana kallonka, amma hankalinsa ya riga ya bi wata kaza. A ƙauye wannan bai zama abin damuwa sosai ba. Fili ne ko'ina. In dawa ta fara ido shi ake ɗora wa korar tsuntsaye, don babu abin da zai motsa a gona bai gani ba, kuma ba ya gajiya da gudu. Akwai kuma abin da in ya kama ba ya saki. Ya taɓa kwance rediyona tun hantsi, bai tashi ba sai la'asar, ko abinci bai nema ba. Bai iya mayar da ita yadda take ba, amma ya nuna mini wayar da ta tsinke a ciki.

Tsakaninsa da Inna kuwa wasan jika da kaka ne, irin wanda kowa ya sani. Mijinta take ce masa.

"Wanga miji nawa, ko cefane babu, sai ci."

"Ki bi ni a hankali, tsohuwa. Zan sake ki in auro mai haƙora."

"Wa za ta aure ka da wanga kai kamar ƙwarya?"

Haka suke yini. In baƙo ya zo kuwa, sai ta ƙara gishiri. Ta ce rago ne, mummuna ne, ba ya jin magana, ya hana ta barci. Ba don ta tsane shi ba. Tsoron baki take yi. A ganinta, yaron da aka yaba a gaban mutane baki yana iya kama shi, don haka wanda ta fi so shi ta fi kushewa. Duk gidanmu mun san haka. In ka ji Inna tana zagin yaro a gaban baƙi, to tsoka tana ɓoye a ƙasan tuwonsa.

Da muka zo birni, abin da ya zama ba komai a ƙauye sai ya zama matsala. Babu fili, babu gona, sai lungu da kwata. Ya shiga gidan maƙwabta ya kunce musu famfo. Ya hau bayan motar ɗaukar shara har ta kai shi wata unguwa. Na sa shi a firamaren gwamnati, amma ajin ya cika har bakin ƙofa, yara a ƙasa kamar an zuba gyaɗa. Yakan shiga da safe, kafin tara ya fita ta taga, sau da yawa malamin ma bai san ya fita ba.

Ina da yaya a Sabon Gari, mai sayar da hatsi, ya yi aikin hajji, Alhaji muke ce masa. Shi ne ɗan farin Inna. Kakarmu ce ta riƙe shi, a birni ya girma, ya yi boko har sakandare. Wajen shekarar da aka canza kuɗi, mutane suna kwana a layin banki, ya kira ni shagonsa ya ce zai ɗauke mini yaro ɗaya. Zai riƙe shi a gidansa, ya sa shi a makarantar kuɗi da 'ya'yansa suke zuwa, inda yara ba su da yawa a aji kuma kowa yana da kujerarsa. Bisa al'ada ba a ma tambayar wane yaro. Ɗan fari ake ba wa ɗan'uwa.

Na yi godiya. Sai ya ce, "Amma da sharaɗi. Ran da ya zo gidana ya kwance mini fanka, matata Hajiya ba ta manta ba. An ce akwai wasu likitoci da suka kawo wani shiri a asibiti, suna duba yara masu irin wannan rawar kai, kyauta. Suna da na'ura mai faɗin yadda yaro zai kasance in ya girma. A kai shi a auna. Kujera ɗaya nake iya biya, ina so in san inda zan sa ta."

Ban ga laifin maganar ba. Mutum ne mai nasa nauyin.

Muka tafi mu uku, ni da Inna da yaron. Wata malamar asibiti ce ta karɓe mu, yarinya mai fara'a, riƙe da wata waya mai faɗi kamar allon karatu. Ta yi mana bayani a hankali. Ta ce ana kiran abin da ke damun irin waɗannan yara larurar rashin natsuwa, ba iskanci ba ne, ba aljanu ba ne. Ta ce na'urar tana aiki da abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira. An ba ta labarin yara masu yawa, yadda suka fara da yadda suka ƙare, har ta koyi gane kama. In aka ba ta labarin yaronmu sai ta duba su wa ya fi kama da su. Wasu abin yakan bar su in sun balaga, wasu yakan ragu, wasu kuma yakan bi su har girma.

Inna ta ce, "Duba ke nan."

"A'a, Inna, ba duba ba ne. Kamar yadda manomi yake kallon hadari ya ce za a yi ruwa."

Sai ta juyo wurina. "Malam, kai ne mahaifinsa?"

Na sunkuyar da kai. Inna ta ce, "Ɗan fari ne, ɗiyata, ba ya magana a kansa. Ni za ki tambaya. Mijina ne, ni na san halinsa."

Malamar ta yi dariya, ta ce to. Ta ce kowace tambaya amsarta ɗaya ce cikin huɗu: ko kaɗan, wani lokaci, sau da yawa, ko kullum.

"Yana manta abin da aka aike shi?"

"Kullum."

Wannan gaskiya ne, ko kusa da gaskiya.

"Yana samun barci da dare?"

"Wa? Wanga? Ai ba ya barci, kamar mujiya. Ni ma ya hana ni."

Yaron yana barci kamar an jefar da buhu. Ni nake tashinsa sallar asuba da ƙyar.

"Yana faɗa da yara?"

"Kullum sai ya fasa kan ɗan wani."

Yaron ya ce, "Kai, tsohuwa, ji ƙarya. Kan wa na fasa?"

"Kin ji ko? Ga rashin kunya kuma. Rubuta."

A lokacin bai taɓa fasa kan kowa ba. Shi ake bugu ma, don yana da tsokana amma ba shi da zuciyar faɗa.

"Yana ɗaukar abin da ba nasa ba?"

"Ɓarawon nama ne. Tukunyata ba ta tsira ba."

"Akwai abin da yake iya zama ya yi na tsawon lokaci, hankalinsa a kai?"

A nan na tuna da rediyo. Na ɗago kai na dubi Inna. Na san ita ma ta tuna, don ita ta ajiye masa abincinsa ran nan. Amma wannan tambaya yabo take nema, ga baƙuwa, ga mutane a bakin ƙofa suna jiran layi suna saurare.

Ta ce, "Babu. Sai ci."

Malamar 'yar Hausa ce, ta san wasan kaka. Ta dakata ta ce, "Inna, da gaske fa nake. Abin da kika faɗa shi zan danna."

"Rantsuwa kike so in yi miki? Danna."

Sai malamar ta sake juyowa wurina. "Malam, haka ne?"

Mahaifiyata tana zaune a gefena, ta gama magana. Yaron ɗan farina ne, yana tsaye yana kallona. In na ce ba haka ba ne, na ƙaryata uwata a gaban mutane, na kuma yabi ɗan fari da bakina. Ban taɓa ganin wanda ya yi ko ɗaya daga cikin biyun ba. Kuma a raina na ɗauka abin da ya iya gane yara masu yawa haka zai iya gane wasa. Na ce, "Yadda ta faɗa."

Daga nan aka ba yaron allon ya yi wani wasa. In kifi ya fito ya taɓa, in kwaɗo ya fito kada ya taɓa. Bai taɓa riƙe irin wannan abu ba a rayuwarsa. Murna ta kama shi, ya riƙa taɓa kifi da kwaɗo da duk abin da ya motsa, yana juya allon yana neman inda murfinsa yake. An kuma ba mu takarda mu kai wa malamin ajinsu ya cike. Malamin ya tambaye ni wane ne yaron, na nuna shi, ya ce, "Au, mai fita ta taga," ya cike a tsaye.

A hanyar komawa Inna ta saya masa rake. Tana ta jin daɗi. Ta ce mini, "Ka ga yadda matan nan na bakin ƙofa suke kallonsa? Ai na rufe musu baki."

Ran karɓar sakamako Alhaji ya zo da kansa, tun da shi ya iya karatu. Wata likita babba ce ta zauna da mu. Ta juyo mana da allon. Akwai zare uku a kwance. Kore ya gangara ƙasa, rawaya ya ɗan sauka, ja kuma ya miƙe a sama bai sauka ba. Ta ce na'urar ta sa yaronmu a kan ja.

Zan faɗi gaskiya, likitar ta yi iyakar ƙoƙarinta. Ta ce wannan hasashe ne, ba hukunci ba. Ta ce na'urar tana kuskure. Ta ce amfanin sanin shi ne a taimaki yaro da wuri, kuma yaran da ke kan ja su suka fi kowa bukatar aji mai yara kaɗan da malami mai haƙuri da gida mai tsari. Wato daidai abin da Alhaji ya yi niyyar ba shi. Na dubi Alhaji in ga ko ya ji. Idonsa yana kan jan zaren.

Ya ce, "Likita, irin waɗannan na kan ja, suna gama makaranta?"

"Wasu suna gamawa, in sun samu taimako."

"Wasu."

"E, wasu."

 Bayan sallar Juma'a Alhaji ya aiko a kai masa ƙanin yaron a maimakonsa.

Da Inna ta fahimci abin da ya faru, ba ta ci abinci ba ran nan. Washegari ta yafa mayafinta ta ce in raka ta Sabon Gari. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Alhaji ɗan farinta ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama ta dube shi ido da ido ta roƙe shi wani abu ba. Gidansa ma sau ɗaya ta taɓa shiga, ran sunan 'yarsa.

Ya shimfiɗa mata darduma a falo, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa tana kallon bango. Sai ta ce da ni, "Ka gaya wa maigidan nan, abin da na faɗa a asibiti wasa ne. Yaron yana barci. Bai taɓa fasa kan kowa ba. Ni na ɓata shi da bakina don kada a yi masa baki."

Alhaji yana zaune kusa da ita, taku biyu ne tsakaninsu, amma shi ma ni ya duba. "Ka gaya mata na ji, kuma na san halinta. Amma ba maganarta kaɗai aka auna ba. Akwai takardar malami, akwai gwajin da ya yi da hannunsa."

"Ka gaya masa malamin bai san yaron ba."

"Ka gaya mata fankata ta san shi." Ya yi ɗan murmushi, ya ga babu wanda ya taya shi, ya daina. Sai ya juyo gare ni sosai. "Kai kana wurin. An ce an tambaye ka. Me ka ce?"

Na ce, "Na ce yadda ta faɗa."

"To ka gani. Ni ɗan kasuwa ne. In aka ce mini buhu ya sha ruwa, mai buhun ma ya ce haka ne, ba na saye, ko da daga baya an zo an ce wasa ake. Na riga na biya wa ƙaramin, an ɗinka masa kayan makaranta. In cire shi in ce masa me?"

Inna ta gyara mayafinta. Can ta ce, har yanzu tana kallon bango, "Ka gaya masa ni ma an karɓe mini nawa ɗan farin, ba a auna shi ba."

Alhaji ya sunkuyar da kai. Ya ce in an sake gwajin, in zaren ya canza, zai san yadda zai yi. Ya sa aka kawo mana lemo, ba ta sha ba.

Na koma asibiti na tambaya ko za a sake. Malamar ta ce tsarinsu sai bayan shekara, don na'urar canjin yaro take bi, ba a maimaita mata kusa da kusa. Ta ce in yi haƙuri. Haƙuri kuwa ina da shi. Na ce shekara ba nisa.

Amma yaron ya ji komai. A unguwa ma an ji. Yara suka sa masa suna Mai Jan Zare. Da ya ga ƙaninsa ya zo hutu da takalmi da jaka, sai ya fita, bai dawo ba sai magariba. Daga nan ya daina zuwa firamaren gaba ɗaya. Na yi faɗa ta bakin Inna, na yi ta bakin uwarsa, ya ce, "Ai an ce ba zan gama ba." Ya koma yini a tasha. Don in raba shi da tasha na kai shi Bungudu, wurin ƙanin matata da ke lodin yashi a bakin gulbi. Na yi tunanin fili da aikin ƙarfi za su yi masa daɗi kamar gona.

A bakin gulbi ba yara ne sa'o'insa ba, samari ne. Suna shan ƙwaya don su jure shebur. Ba a daɗe ba ƙanin matata ya fara aiko da ƙorafi. Ya bar shebur a ruwa ya tafi. Ya bi tifa har wani gari bai faɗa wa kowa ba. Ya yi faɗa da wani, an ɗinke wa wancan goshi. An nemi wayar wani direba an same ta a hannunsa a kwance, ya ce so yake ya ga cikinta, amma ba wanda ya karɓi wannan bayani.

Inna kuwa lissafin watanni take yi. Da lokaci ya yi ta aika aka zo da shi. Ya yi tsawo, ya rame, idonsa ya yi ja. Ta sa shi ya yi wanka, ta ba shi rigar da ta saya masa da kuɗin ƙuli-ƙulinta. Ita ma ta ɗaura zanenta na salla. A cikin keke mai ƙafa uku tana ta maimaita abin da za ta faɗa. "Yau yabonsa zan yi. Zan faɗi maganar rediyo. Zan faɗi korar tsuntsaye. In baki zai kama shi, ya kama ni."

Malamar nan ce dai. Ta gane mu. Inna ba ta jira tambaya ba, ta faɗi duk abin da ta shirya, har da yadda yake gane kukan kowane tsuntsu. Malamar ta saurara har ƙarshe, ta ce za ta rubuta a gefe cewa amsoshin bara akwai wasa a ciki. Sannan ta ce, "Amma tambayoyin yau a kan watannin nan da suka wuce ne, Inna, ba lokacin da kuke ƙauye ba. Kuma don Allah wannan karon ki faɗa mini tsakaninki da Allah."

Inna ta ce to.

"Yana samun barci da dare?"

Tun da ya dawo, a ɗakinta yake kwana. Ta san yadda yake juyi, ya tashi, ya fita tsakar gida, ya dawo. Ta dubi hannuwanta. "Ba ya samu."

"Yana faɗa?"

"Yana yi."

"Wani lokaci, ko sau da yawa?"

"Sau da yawa."

"Yana ɗaukar abin da ba nasa ba?"

Inna ta juya ta dubi yaron. Malamar ba ta matsa mata ba. Can ta ce, "An ce ya ɗauka."

"Yana zuwa makaranta?"

"Ba ya zuwa."

Yaron yana jingine da bango yana kaɗa ƙafa. Ya ce, "Tsohuwa, yau ba za ki zage ni ba? Ko kin yi sabon miji?"

Ba ta amsa masa ba. Ban taɓa ganin ya jefa mata wasa ta bar shi ya faɗi ƙasa ba sai ran nan. Shi ma ya daina kaɗa ƙafar.

Malamar ta juyo wurina kamar bara. "Malam, haka ne?"

Na ce, "Haka ne." Wannan karon babu wata amsa da na riƙe a ciki.

Zaren ya sake fitowa ja. Likitar ta ce abin da na'urar ta hango bara shi ne ya bayyana. Na tambaye ta, da Inna ta faɗi gaskiya tun farko, wane zare zai fito? Ta ce ba za ta iya sani ba. Mai yiwuwa rawaya, mai yiwuwa jan dai, domin larurar tana nan da gaske, ba Inna ta ƙirƙire ta ba. Na tambayi magani. Ta ce akwai, amma samunsa a nan da wuya, ga tsada, kuma shirinsu na aunawa ne, ba na raba magani ba. Ta ba mu shawara: ya riƙa kwanciya a kan lokaci, a sama masa wuri marar hayaniya, a riƙa ba shi aiki ɗaya bayan ɗaya. Na yi godiya. Ban gaya mata injin niƙa yana jikin bangonmu ba.

Ba mu je wurin Alhaji ba, shi ma bai tambaya ba.

Yaron bai koma Bungudu ba. Ya samu wani direban babbar mota mai kai hatsi kudu, ya zama yaron motarsa, daga baya ya bar shi ya bi wani, ya sake barin wannan. Inna ta daina wasa da kowa, har da ƙaramar jikarta. In baƙo ya tambaye ta labarin jikoki sai ta ce, "Suna nan." Da damina Inna ta kwanta, ciwon bai yi tsawo ba ta rasu. An nemi yaron a waya ba a samu ba. Ya zo bayan an share makoki, ya tsaya a ƙofar ɗakinta, ya duba ciki, ya ce wa uwarsa, "Ta tafi ba ta karɓi takardar sakinta ba." Ba wanda ya yi dariya, shi ma bai yi ba. Ya kwana biyu ya tafi.

Shirin likitocin ya ƙare, an mayar da ɗakin wurin awon ciki. Ƙanin yana ƙoƙari a makaranta, ina gode wa Allah da Alhaji. In wansa ya zo gari ba sa daɗewa tare, ba su da abin da za su ce wa juna.

Ni kuma na shiga ajin yaƙi da jahilci, bayan la'asar, a firamaren nan da yake fita ta tagarta. Muna zama a kan bencin yara, gwiwoyinmu a sama. Ba mu da yawa, malamin yana da haƙuri, in mutum bai gane ba yakan dawo masa baya har sai ya gane. Wani lokaci ina cikin rubutu sai in tuna irin wannan ajin likita ta ce yaron yake bukata. Ni na same shi, da furfura a gemuna.

Har yau ban san ko na'urar ta hango abin da zai faru ba ne, ko kuwa mu muka bi zaren da ta zana. Na tambayi malaminmu, ya ce shi ma bai sani ba.

Abin da na sani shi ne abin da ya tafi. Gona biyu da geron da ke cikinsu. Rumbu ɗaya. Shanun noma biyu. Kujera ɗaya a makaranta, wadda ta ɗan fari ce. Inna. Da yaro ɗaya, wanda yana raye, yana bisa wata mota a wata hanya, ban san wace ba.